Tsakanin Gwanja da Gwanjo

Tun shekaranjiya ake yayyafi a Bromakoté, unguwarmu a nan Abidjan. Irin ruwan watan bakwai ne, wanda ba ya dukan mutum, sai dai ya zauna masa a kafaɗa har riga ta yi nauyi. Makarantu sun yi dogon hutu, wanda 'ya'yanmu ke kira bakans, ɗalibai kuma sun fara jan benci a farfajiyar makarantar da ke bayan gidanmu suna koyon wasan kwaikwayo. Bana garin nan ya sha wuya, mun yi watanni muna karyawa da ƙarar bindiga, shi ya sa da na ji ganga ta tashi a unguwa na yi hamdala. Amma duk shekarar da wannan yayyafi ya haɗu da ƙarar jan benci, sai wani hutu ya dawo mini, na shekara goma sha bakwai da suka wuce, da abin da na yi wa Sale.

Ni da Sale 'yan gari ɗaya ne a ƙasar Bichi, katanga ce kawai ta raba gidajenmu. Mota ɗaya ta kawo mu Abidjan muna samari, rumfa ɗaya muka kama a Adjamé muna sana'ar goro. Bambancinmu kaɗan ne. Ni na yi aji huɗu a firamare kafin a cire ni, na iya rubutun boko, na kuma tsinci Faransanci a kasuwa. Shi ajami kaɗai ya sani. Yana ce mini Ɗan Boko, ina ce masa Jikan Madugu.

Ba a banza nake kiransa haka ba. Kakansa, Madugu Tanko, shi ke jan ayarin fatake da jakuna daga Kano zuwa Gwanja, ƙasar goro da ke cikin Gana ta yanzu, tafiyar wata uku a ƙafa. Tsohon ya bar wata doguwar waƙa da ke bin hanyar zango-zango: inda ake samun ruwa, inda ake kwana da sanda a hannu, inda jaki ya faɗi bai tashi ba. Muna yara mun sha jin ta a zaurensu. Ni ma na riƙe abin da na riƙe, kuma duk wanda ya tambaye ni nakan ce na iya ta kamar yadda Sale ya iya.

Shekarar da nake magana ita ce wadda aka karya darajar kuɗin sefa. Wanda bai gani ba zai ɗauka ƙari nake yi. Burodi ya rame har kana ganin haske ta cikinsa. Shayi ya rabu da madara. Daga masallacin asuba mukan wuce rumfa, muna tsallake kwatamin da ya cika ya tumbatsa, taɓo yana cire mana silifa. Lokacin ba kakar goro ba ce, daushe ne kawai a hannu, wato ragowar na bara, shi kuwa sai da lallashi. Mu kwance huhu, mu zazzage goron a tabarma, mu bi shi ɗaya-ɗaya muna ware mai sankara, mu sauya ganyen fita, mu yayyafa ruwa, mu ɗaure. Yatsu su yi sanyi su yamutse. Da azahar mu raba acheke, wato turararren garin rogo, kwano ɗaya, da barkono da ɗan mai, kifin sai dai mu ji ƙamshinsa daga maƙwabta. A gida, matata Asabe ta koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni, gawayin ma jiƙaƙƙe ne, sai ta yi ta fifita hayaƙi yana cika mana ɗaki. Wanki ya kwana uku a igiya yana warin ruma. Sabon tufafi kuwa kowa ya manta da shi. Daga malamin makaranta har ɗan dako, kowa ya koma layin gwanjo, wanda mutanen nan ke kira yugu-yugu.

A cikin wannan hali 'yata Hadiza ta dawo hutu daga jami'a a Cocody. Ita ce ta fari a zuriyarmu da ta taka wannan matsayi. A nan aka haife ta, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta. Ita da abokan karatunta suka ce ba za su yi hutun a zaune ba. Da safe suna koya wa yaran unguwa karatu kyauta, da yamma ana buga ƙwallo a layi, a ƙarshen hutu kuma za a yi babban taro a wata makaranta a Treichville, kowace ƙabila ta nuna abin da ta gada. Baule suna da rawarsu, Jula suna da balafon, abin kiɗansu na katako. Hausawa ne ba a san me za su kawo ba.

Wata Talata muna cikin ware goro sai ga ta da rediyo mai ɗaukar magana a cikin leda, wani abokin karatunta, Kwasi, yana riƙe mata lema.

"Papa, ina wuni. Tonton Sale, ina wuni. Waƙar Madugu muka zo nema."

Na gyara zama, na share maƙogwaro. Sai na lura ba ni take kallo ba.

"Ai ga ubanki nan, shi ma ya iya," in ji Sale.

"Na sha jin ta Papa," ta ce tana dariya. "Idan yana yi kamar yana faɗa da yaron motar gbaka a kan canji. Kai kuwa Tonton, ranar da ka yi a sunan ƙanena Aminu, Mama barin tukunya ta yi ta tsaya a bakin ƙofa."

Duk rumfar aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Amma tawa ba ta kai zuci ba. 'Yar da na haifa, wadda na yi shekaru ina ɗaukar huhu a ka don ta yi karatu, ta zo rumfata ta tsallake ni. Kuma ashe har Asabe tana barin tukunya.

Sale ya fara. Bai yi nisa ba hadari ya haɗo daga wajen teku, ruwa ya kece a kan kwanon rumfa kamar ana zuba tsakuwa. Ya ci gaba har ayari ya isa bakin Kwara, wato rabin waƙar, sannan suka haƙura. Suka ce wannan ya ishe su wasa, sauran za a ɗauka bayan taro. Da suka kunna kaset ɗin, muryar tana nan da daɗinta, amma kalmomin ruwa ya cinye su.

Washegari Hadiza ta kawo mini littafin rubutu mai shuɗin bango da biro.

"Papa, kai ne sakatarenmu. Tonton ya faɗa, kai ka rubuta mana da boko."

Haka aka yi rabon. Shi murya da kujera, ni biro. Kwana uku muna yi, iyakar rabin nan da aka ɗauka, yana ware goro yana faɗa, ina rubutawa a kan gwiwa. Inda na riga shi da abin da na tuna, sai ya ce, "A'a, Ɗan Boko, ka tsallake rijiya biyu. Haka za ka kashe mana jakuna da ƙishi." Da wasa yake faɗa. Ni ba da wasa nake ji ba.

Amshin waƙar shi ne:

Ku ɗaura kaya, gari ya waye,
Tanko ya sa gaba, Gwanja za shi.

To ni tun ina firamare harafin "a" nawa ba ya da wutsiya. Idan ina sauri sai ya fito kamar "o". Malaminmu ya sha buga mini rula a kan haka, ban daina ba.

A Treichville suke gwajin wasan. Suka ce iyaye ba za su gani ba sai ranar, Sale ma ba sai ya wahala ba tunda ga kaset, ni kaɗai zan riƙa zuwa ina duba musu. Sale ya tsare rumfa, ni na hau bas na haye gada, ruwan tafkin lagun a ƙasa toka-toka kamar sararin sama. A wani aji suke, tagogi babu gilashi, iska tana shigo da yayyafi. Ina shiga na ga abu biyu. Wata babbar kujera mai hannu da suka aro suka lulluɓe da farin zane. Da wani ƙyalle da Kwasi ke rubutawa da jan fenti: sunan Sale, da manyan baƙaƙe, jikan Madugu Tanko. Na duba ƙasa, na duba gefe. Ko a kusurwa babu nawa sunan, Idi.

Sai Hadiza ta matso da littafin, yatsanta a kan amshi.

"Papa, wannan kalmar. Gwanjo. Ita ce yugu-yugu, ko? Tsofaffin kaya?"

Na duba. Wutsiya babu. Yarinyar ba ta taɓa jin Gwanja ba, don ni ubanta ban taɓa zaunar da ita na gaya mata ba. Gwanjo kuwa a shekarar nan ko jariri ya san shi. Biro yana aljihuna. Ɗan ja ɗaya ne, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Na sake kallon kujerar.

"Abin da kika gani a takarda, shi ne," na ce.

"Ka tabbata, Papa?"

"Ni na rubuta ko ke?"

Ta juya ta gaya wa sauran da Faransanci. Kwasi ya ajiye buroshi ya dafe ƙirji. Ya ce wannan labari ne mai girma, a ce mutum ya yi tafiyar wata uku a ƙafa don ya samo wa talakawa abin rufe jiki, kuma ga shi ya dace da halin da ake ciki. Ba raini a zuciyarsu ko kaɗan. Girmamawa suka yi niyya. Tunda waƙar a rabi ta tsaya, sai suka ƙirƙiro ƙarshen da kansu, a kan wannan kalma.

Mako uku ina zuwa ina kallo. Kullum a kan gada in ce yau zan gyara, in na shiga na ga kujera sai in ce gobe. Na riƙa ce wa kaina ai ɗan abin dariya ne, a ɗan taɓa shi ya san shi ma mutum ne. Shi kuwa Sale yana can yana shiri. Ya fito da babbar rigarsa ta shadda, wadda bai sa ba tun auren ƙanwarsa, aka wanke, ta ƙi bushewa, matarsa ta shanya ta a kan gawayi. Ya riƙa shan citta da zuma. Mai sayar da goro ya daina cin goro, wai yana busar da maƙoshi.

"Ɗan Boko, yaran nan suna yi daidai kuwa?"

"Za ka gani," na ce.

"Da kakana yana raye," ya ce yana murza goro a tafin hannu. "A ce a bakin teku za a kira sunansa."

Ranar ta kama Lahadi, bayan la'asar. An ja tamfol a farfajiya, ruwa ya taru a tsakiyarsa ana tokare shi da sanda. Ƙamshin aloko, wato soyayyar ayaba, ya cika wurin, mu da muka zo da acheken azahar a ciki muna haɗiyar yawu. Dattawan Hausawa na Adjamé da na Treichville aka ba su layin gaba. Baule suka yi rawa ƙasa na girgiza, Jula suka kaɗa balafon. Sai aka kira Sale.

Ya hau ya zauna a kujerar nan, ya gyara hannun riga, ya rufe ido. Da ya ɗaga murya, wurin ya yi tsit. Matan da ke suya suka bar cokali. Waɗanda ba su jin Hausa ma suka daina magana. Ɗalibai suka ratsa a bayansa da kaya a ka, biyu sun shiga buhu sun zama jaki. Na ga wani tsoho a gabana yana share ido da bakin rawani. Tsigar jikina ta tashi, kuma a daidai wannan lokaci na ji da ma a ce muryar ta shaƙe. Duka biyun a ƙirji ɗaya. Wannan ita ce gaskiya.

Ya kai ayari bakin Kwara, ya koma kan amshi yana maimaitawa, kamar yadda aka ce ya yi. Tanko ya sa gaba, Gwanja za shi. Sai ga ayari ya dawo.

Kwasi ne a gaba, da rawani da gemun auduga, a matsayin Madugu. Ya sa tsohuwar kwat ta Turawa a kan riga. A sandarsa an rataye wanduna da rigunan mama. Na bayansa suka sauke dilolin tsumma suka baje, shi kuma yana ɗaga wani ɗan kamfai sama yana kira, "Yugu-yugu! A zo a zaɓa!"

 Sai wani dattijo daga Treichville ya buga cinya.

"La ilaha! Ashe Madugu ɗan gwanjo ne!"

Dariya ta ɓarke. Hausawa suna yi don sun gane, sauran suna yi don sun ɗauka abin dariya aka shirya. Wani ya ɗaga murya, "Sale, a ajiye mini kwat ɗin!" Sale ya buɗe ido ya waiwaya. Ya daɗe yana kallon ɗan kamfan nan. Sannan ya juyo yana bin fuskoki har ya same ni. Ni kuwa na sami abin kallo a silifana. Ya ƙarasa amshin, bai yanke ba. Ya miƙe, ya tattara rigarsa, ya sauko ya fita ta cikin yayyafi, bai tsaya neman lema ba.

Abin da na ce ɗan taɓawa ne, kafin Juma'a ya zagaye Adjamé. Madugun Gwanjo. Masu dako suna faɗa, masu shayi suna faɗa, har daga tagar gbaka ana jefo masa. Hadiza ma ba ta tsira ba. Dattawa suka ce ga amfanin jami'a nan, yarinya ba ta san inda kakanninta suka taka ba. Ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. A rana ta uku ta zo rumfa ta durƙusa a gaban Sale, a cikin taɓo, ina zaune.

"Tonton, ka yafe mini. Ni na karanta ba daidai ba."

Ba ta ce ta tambaye ni ba. Ko kallona ba ta yi ba.

"Tashi, 'yata, za ki ɓata zane," in ji shi. "Abin da ba a gaya miki ba, ina za ki san shi?"

Ta fito da rediyon daga leda, ta ce ko zai ƙarasa musu sauran.

"Muryar ta tafi," ya ce. Ya ɗauki goro ya ɓare ya jefa a baki.

Bai sake yin waƙar ba. Ba a suna ba, ba a biki ba, ba a rumfa ba. Mun ƙara shekara tara tare muna kwance huhu muna ɗaurewa, muna raba kwano ɗaya. Bai taɓa tayar da maganar ba. Abu ɗaya ne ya sauya. Daga ranar nan bai ƙara ce mini Ɗan Boko ba. Malam Idi yake cewa, da ladabi, kamar baƙon da ya zo sari. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa, sai in ji "Malam Idi, miƙo ganye," in miƙa in yi shiru. Da ciwonsa ya yi tsanani na je na zauna a gefen katifarsa wuni guda, muka yi hirar Bichi, na tashi ban faɗa ba. Na ce gobe. Da asuba aka aiko. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Hadiza yanzu malama ce, ita ke jagorantar masu jan bencin nan. Makon jiya ta shigo da littafin mai shuɗin bango, gefensa duk ya cinye.

"Papa, bana za mu sake yi, daidai wannan karon. Kai za ka hau kujera."

Na karɓa, na sa tabarau, na nemi biro. Na bi shafi-shafi, duk inda amshin ya fito na ja wa harafin wutsiyarsa.  Da na gama na ce, "Hadiza, ranar da kika tambaye ni, na ga kuskuren. Da gangan na bar shi."

Ta daɗe tana kallon littafin.

"Na sani, Papa. Tun a bas muna dawowa daga taron na sani. Na gaya wa Tonton zan tambaye ka dalili, ya hana ni. Ya ce in bar ka, za ka kawo da kanka." Ta rufe littafin. "Ya ce ba za ka wuce mako guda ba."

Jiya na je gwaji. Sun aro kujera mai hannu, sun lulluɓe ta da farin zane. Abin da na yi shekara da shekaru ina so, ga shi, babu mai tsallake ni. Na zauna, na yi waƙar da wannan murya tawa ta faɗa da yaron gbaka, ba wanda ya yi dariya. Na bi zango-zango, ban tsallake rijiya ba. Na kai ayari bakin Kwara. Na buɗe baki don in ci gaba, sai na tarar babu komai. Na koma baya na sake tahowa, na sake tsayawa a wuri ɗaya. Ashe abin da na riƙe ke nan tun asali. Rabin ma a bakin Sale na cike shi, a kwana ukun nan.

Yayyafi yana sauka a kan kwano. Ɗalibai suna tsaye da huhunan goro na gaske a ka, suna jira.

"Papa," in ji Hadiza a hankali, "sai me ya faru? Sun haye?"

Na ce mata ban sani ba. Mutum ɗaya ne ya san sunan mai jirgin da ya haye da su, da garuruwan da ke ƙetare, da abin da Tanko ya faɗa ranar da ya hango itacen goro na farko. Ranar Lahadi zan hau kujerar, in kai su bakin ruwa, in gaya wa jama'a wanda ya tsayar da su a can.